Gahawa a cikin yajin gashi: yadda ake haɗawa bai yi ɗaci ba

Wata baiwar Allah daga Unguwar Rimi ce ta aiko da tambayar. Ta ji ana cewa a ƙasashen waje ana zuba garin gahawa cikin busasshen yajin da ake shafa wa nama kafin a gasa. Ta gwada, ta ɗebi gahawar gwangwani mai narkewa ta zuba a yajin tsirenta, nama ya fito baƙi ƙirin, ga ɗaci, yara suka ƙi ci. Tana son sanin ko abin gaskiya ne, yaya ake haɗawa, kuma ko zai yi da kayan lambu, tunda Babbar Sallah na matsowa.

Hajiya, gaskiya ne, kuma in aka yi shi daidai yana da daɗi ƙwarai. Haɗa yaji da gashin naman biki da suna su ne sana'ata a nan Kaduna, don haka zan gaya miki yadda nake yi. Abu uku ne suka taru suka ɓata miki nama: irin gahawar da kika sa, yawanta, da kuma wutar tsire. Na ukun ya fi sauran laifi, kuma shi ne mutane ba su cika lura da shi ba.

Wannan haɗi a Amurka ya yi suna, musamman wajen masu gashi na jihar Tekzas. Amma ki dubi irin gashin da suke yi. Ƙirjin sa ne guda, ko haƙarƙari, a shafe shi da yaji, a sa shi nesa da garwashi a cikin abin gashi mai murfi, zafin bai wuce digiri 110 zuwa 120 a ma'aunin Salshiyos ba, ya yi awa goma ko fiye hayaƙi na ratsa shi. Mu kuwa tsirenmu yanka ne siriri, an shafe shi da garin ƙuli-ƙuli da mai, an kafa shi dab da wuta mai ci. Gahawa abu ce da aka riga aka soya ta a zafin da ya kai digiri 200 ko ya ɗara. Ta riga ta yi rabin hanyar ƙonewa tun kafin ta iso hannunki. In kika sake kai ta bakin harshen wuta, sai ta ƙarasa, ta koma gawayi. Shi ne baƙin da kika gani, shi ne kuma mafi yawan ɗacin da kika ji.

To me ya sa ake sa ta tun farko? Launin ja-ja mai duhu da ƙamshin da nama ke yi a kan wuta yana fitowa ne daga haɗuwar furotin da ɗan sukarin da ke jikinsa idan zafi ya kai wajen digiri 140. Wani masanin kimiyya ɗan Faransa, Louis-Camille Maillard, shi ya fara bayanin wannan a 1912. Abin da ke faruwa ke nan idan ana soya gyaɗa, haka idan ana soya 'ya'yan gahawa. Shi ya sa ƙamshin ukun ke da dangantaka, har wasu sinadaran ƙamshin iri ɗaya ne a cikinsu. Idan kika sa gahawa kaɗan a yaji, ƙamshin gashin ne kike ƙara wa zurfi, tana kuma ba wa bayan naman ɓawo mai duhu, ɗan ɗacinta yana yanke maiƙon kitse. Ba a son mai ci ya ce ya ji gahawa. Ana son ya ce naman nan ya gasu da kyau, ya rasa gane abin da aka ƙara. Ki ɗauke ta a sahun kimba da kanumfari, kayan ƙamshin da ke gyara tukunya in an sa kaɗan, su ɓata ta in hannu ya zarce.

Kuma kayan ƙamshinmu na gida sun dace da ita fiye da yadda ake zato. A Senegal akwai gahawar da ake kira Café Touba, wadda ta samo suna daga birnin Tuba na Shehu Ahmadu Bamba, ana soya ta ne tare da kimba, wasu su ƙara kanumfari. A Sudan da citta ake dafa ta. Wato mutane sun daɗe da gano cewa kimba, citta da kanumfari suna tafiya da gahawa, mu kuma duk muna da su a kicin. Ba ki buƙatar ki je neman kayan ƙamshi masu sunayen Turawa.

Batun wace gahawa. Iri biyu ne suka cika kasuwar duniya, arabika da robusta. Robusta ta fi ɗaci, sinadarin kafeyin ɗinta, mai hana barci, ya kusa ninka na arabika, kuma ita aka fi yin gahawa mai narkewa da ita. Arabika ta fi ƙamshi da taushin ɗanɗano, ita ake nomawa a tsaunin Mambila na jihar Taraba. In kin samu niƙaƙƙiyar arabika mai matsakaiciyar suya a manyan kantuna, ita ce ta yaji. Ki guji wadda aka soya ta yi baƙi har tana ƙyallin mai, wannan ba ta da sauran wurin da za ta ɗauki zafi.

Gahawar gwangwani mai narkewa, irin su Nescafé, gahawa ce da aka riga aka dafa, aka tace, aka busar da ruwan. Ƙarfinta a tattare yake. Cokali ɗaya nata ya fi cokali ɗaya na niƙaƙƙiya ɗaci nesa ba kusa ba, ga shi tana jan danshi daga iska ta dunƙule yaji. In ita kaɗai gare ki, za ta yi, amma ki sa kashi ɗaya cikin uku na awon da zan faɗa, kuma ki haɗa iya wanda za ki yi amfani da shi ranar. Ta leda mai haɗe da madara da sukari kuwa kada ki kusance ta, madarar ƙonewa take yi ta yi ƙauri. Haka tukar da aka riga aka tace aka sha, ƙamshinta ya tafi, sai jiƙa da za ta kawo miki fumfuna.

In ɗanyun 'ya'ya kika samu, masu launin kore-kore, ki soya da kanki a busasshen kasko mai kauri, wuta matsakaiciya, kina juyawa ba ƙaƙƙautawa. Za su koma rawaya, su koma ruwan ƙasa, ɓawon bayansu ya riƙa tashi. Can za ki ji sun fara ƙara, ƙas, ƙas, ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ki ƙara minti ɗaya ko biyu ki sauke, ki baza a faranti ki fifita su huce da wuri, don in kika bar su a kaskon ci gaba da soyuwa za su yi. Ki bar su su kwana kafin ki daka. Ki daka su yi laushi daidai da garin citta, ki tankaɗe, domin tsakin gahawa ba ya narkewa a wuta, mai ci zai ji ƙasa-ƙasa a haƙori.

Ga awon da nake yi, da babban cokalin cin abinci a shafe, ba a tsiri ba. Garin gahawa cokali 2. Garin busasshen tattasai cokali 3. Mazarƙwaila cokali 2. Garin citta cokali 1, garin tafarnuwa cokali 1. Sai ƙaramin cokalin shayi: masoro 2, barkono 1 ko 2 gwargwadon yadda gidanku ke cin yaji. Kimba guda 2, kanumfari guda 4 ko 5. In kin lissafa za ki ga gahawar ba ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na dukkan haɗin ba, kuma wannan shi ne iyakarta a wurina. A gwajin farko ma ki fara da cokali ɗaya da rabi. Wannan awo zai ishi nama kilo 3, wato cokali 3 a kan kowane kilo.

Kimbar ki ɗan babbaka ta a kasko, ki fasa, ki zubar da 'ya'yan cikin. Ƙamshin a ɓawon yake, 'ya'yan ɗaci ne da su, kuma kin riga kin sa abu mai ɗaci. Tattasan shi ne gangar jikin yajin, shi ke ba da launi da ɗan zaƙi ba tare da zafi ba. Ki zaɓi wanda ya bushe ƙayau, ja mai haske, ki cire hancin da 'ya'yan kafin daka. Wanda ya yi baƙi-baƙi ko yake warin ruma ki bar wa mai shi.

Mazarƙwaila ita nake so in ja hankalinki a kai. Turawa jan sukari suke sawa, mu kuwa ga yankin Maƙarfi nan kusa da mu, gidan rake, inda ake dafa ruwansa ya daskare ya zama mazarƙwaila. Ta fi farin sukari dacewa da gahawa saboda ƙamshin ruwan raken yana nan a jikinta. Ki goga ta a magogi, ki baza a tire ta sha iska ta bushe, sannan ki murtsuke ta da yatsu cikin sauran garin. Aikinta shi ne ta rage kaifin ɗacin, ta kuma narke ta riƙe yajin a jikin nama. Sai dai sukari yana fara narkewa ya yi ja a wajen digiri 160, in zafi ya ɗara haka sosai ya ƙone ya zama wani ɗacin na biyu. Wannan ma ya sake mayar da mu ga maganar wuta.

Citta kuwa ba sai an faɗa wa mutumin Kaduna ba. Ta Kachia da Kagarko da ƙasar Jaba ita ce ake ɗauka har ƙasashen waje saboda ƙarfinta. Bayan cutar da ta afka wa gonakin citta a kudancin jihar a 2023 kuɗinta ya tashi, kuma idan abu ya yi tsada algus yakan shigo. Shawarata ki sayi busasshiya guda-guda a Kasuwar Barci ko babbar kasuwa ta Sheikh Abubakar Gumi, ki karya ɗaya ki shinshina a gaban mai kayan, ki daka a gida. Garin da aka ƙulla a leda ba ki san me aka cuɗa a ciki ba.

Kin lura ban sa gishiri a awon ba. Da gangan ne. In gishiri na cikin yajin, duk lokacin da kika so ƙara ƙamshi kin ƙara gishiri ke nan. Ki auna shi daban: giram 10 a kilo ɗaya na nama, kusan ƙaramin cokali 2 a shafe. In za ki sa dunƙule, ki rage gishirin, don shi ma yawancinsa gishiri ne. Ki barbaɗa wa naman tun da wuri, aƙalla awa ɗaya kafin gashi, in akwai firij mai sanyi ya kwana. Da farko za ki ga ruwa ya tsattsafo, daga baya naman ya shanye shi tare da gishirin har ciki. Yaji iyakarsa bayan nama, gishiri ne kaɗai ke shiga can ciki. Idan lokacin gashi ya yi, ki goge danshin da tsumma mai tsabta, ki shafa man gyaɗa kaɗan, ki barbaɗa yajin ki danna da tafin hannu, ki bar shi minti 20 zuwa 30. Za ki ga garin ya jiƙe ya yi duhu ya manne. To ya yi.

Yanzu wuta. Gawayi mai nauyi ake so, irin na ƙirya, wanda ke daɗewa bai mutu ba. Kada ki kunna da leda ko kananzir, warinsu na kama nama. Ki jira har harshen wuta ya kwanta, garwashi ya yi farar toka a bayansa. Sai ki tattara shi gefe guda na abin gashin, ɗaya gefen ki bar shi babu komai a ƙarƙashi. A gefen da babu garwashi naman zai yi yawancin zamansa, in da murfi ki rufe, in babu ki kifa masa babban kwano na ƙarfe ko tukunya. Gwajin zafi a hannu ake yi: ki ɗora tafin hannunki sama da wayar gashin da tsawon ɗani ɗaya bai cika ba. In kin iya ƙirga shida ko bakwai kafin ki janye, zafin ya yi wa wannan yaji daidai. In tun a biyu kin janye, ya yi yawa. Sai naman ya kusa nuna ki matsar da shi kan garwashin, minti ɗaya ko biyu kowane gefe, ɓawon ya ƙarasa kamawa. Kitse in ya ɗiga wuta ta tashi, ki janye naman nan take, kada ki tsaya kallo, baƙin hayaƙin kitse na manne wa yajin. In kina da ma'aunin zafi na nama, tsokar sa da ta rago ta kai digiri 63 a tsakiya, kaza 74. Ki sauke ki bar shi ya huta minti biyar zuwa goma kafin wuƙa ta taɓa shi, ruwan jikinsa ya zauna.

Da wannan za ki gane cewa haɗin ya fi dacewa da gashi irin na balangu, manyan yanka masu kitse. Tozo, ƙirji, haƙarƙarin rago, kafaɗa. Tozo da wannan yaji, a ganina, babu na biyunsa, don kitsen na buƙatar abin da zai yanke shi. Zabo ma yana ɗauka. Kazar gidan gona ki rage gahawar zuwa rabi, namanta ba shi da ƙarfin da zai jure. Hanta ban ba ki shawara ba, tana da nata ɗacin. Kifi ki bar shi da yajinsa na kullum.

In kuma tsiren dai kike so, akwai hanya. Ki haɗa wani yajin gahawar ba tare da mazarƙwaila ba, ki ɗebi kashi ɗaya ki cuɗa da kashi uku na garin ƙuli-ƙuli. Ƙuli-ƙulin ya zama marar sukari, sabo, wanda aka matse mansa sosai. Ki kafa tsinkayen nesa da wuta fiye da yadda kika saba, ki yawaita juyawa. Ko ki bi hanyar da ta fi sauƙi: ki gasa tsirenki da yajin da kika saba, sai ya rage 'yan mintuna a sauke ki shafa mai ki barbaɗa na gahawar. Kada dai ki zuba shi a gefen faranti a matsayin yajin dangwale, ɗanyen garin gahawa ba ya daɗi a harshe, sai zafi da mai sun taɓa shi.

Za ki ji ana cewa gahawa na sa nama laushi. Kada ki dogara da wannan. Ɗan tsamin da ke cikinta bai fi na naman kansa da wani abin kirki ba, balle busasshen gari da ke zaune a waje. Abin da ke tausasa nama shi ne ɗanyar citta da aka goga, ko ganyen gwanda da ake naɗe nama a ciki, domin su suna da sinadaran da ke warware furotin. Su ma awa ɗaya zuwa biyu ya isa, in suka daɗe naman ya saki ya yi lagwaɓ-lagwaɓ. Game da naman layya, tsoka na sandarewa 'yan awoyi bayan yanka, kuma sai ta kwana a sanyi take sakewa. Shi ya sa gashin ranar Sallah ke gajiyar da muƙamuƙi. Ranar ki ci kayan ciki da soye, naman gashi ki sa masa gishiri ki ajiye a firij, washegari ki yi.

Kayan lambu na yi, amma ba duka ba. Masu zaƙi su ne abokan tafiyarsa: dankalin Hausa, kabewa, karas, albasa, ɗanyar masara, agadar da ta nuna. Zaƙinsu ne ke tarar ɗacin. Gauta da yalo ki bar su, ɗaci kan ɗaci ne. Dankali da karas ki fara tafasa su minti biyar zuwa bakwai, ki tsane su bushe, in ba haka ba yajin zai ƙone kafin cikinsu ya nuna. Kabewa ki yanka da kaurin yatsa, albasa ki raba huɗu ki bar gindinta don kada ta warwatse. Su ba su da kitse, don haka mai ya zama dole: ki dama yajin da man gyaɗa ki cuɗa su a ciki. Rabin awon nama ya ishe su, cokali ɗaya da rabi a kilo, gishiri kuma sai dab da ɗorawa, don in ya daɗe yana fitar musu da ruwa. Masara ki gasa ta tsirara tukuna, a ƙarshe ki shafa man da yajin, ki mayar minti ɗaya. Ɗan matsin lemun tsami bayan an sauke yana tayar da ɗanɗanon duka.

Na san za ki yi tunanin yara da barci. Gashi ba ya kawar da kafeyin, wannan gaskiya ne, amma ki duba lissafin. Cokali 2 na garin arabika kimanin giram 10 ne, kafeyin ɗin ciki wajen miligiram 120. An raba shi a kilo 3, kowane kilo ya samu 40. Wanda ya ci kwatan kilo ya samu wajen 10, bai kai na kofin baƙin shayi guda ba. In robusta ce ki ninka. Ga yawancin mutane wannan ba abin damuwa ba ne. Wanda likita ya hana shi kafeyin gaba ɗaya ki sanar da shi, haka in kin sa ƙuli-ƙuli ki faɗa, saboda masu rashin jituwa da gyaɗa.

Ajiya. A 'yan shekarun nan Babbar Sallah a damina take faɗowa, iskar Kaduna kuma a lokacin cike take da danshi. Mazarƙwaila da gahawa duk masu jan ruwa ne, yajin da zai yi miki wata biyu lafiya lau a hunturu yanzu sati biyu ya isa ya dunƙule. Ki zuba a kwalba mai murfin da ke kamawa, wadda ta bushe sarai, ki ajiye nesa da murhu da rana, ki riƙa ɗiba da busasshen cokali. Wanda hannun da ya taɓa ɗanyen nama ya shiga kada ya koma kwalba, ki zuba na aikin ranar a faranti daban. Mai ƙuli-ƙuli kada ya wuce sati biyu, mansa na yin wari, kuma gyaɗar da ta yi fumfuna na ɗauke da gubar afulatoksin mai illa ga hanta, wadda wutar gashi ba ta kawarwa. Abin da ya fi shi ne ki haɗa tattasai, citta, tafarnuwa, masoro, barkono, kimba da kanumfari ki ajiye, gahawa da mazarƙwaila kuma ki zuba ranar gashi. Kafin Sallah ki sayi rabin kilo na haƙarƙari ki gwada awon a kansa, in akwai abin da za ki ƙara ko ki rage ki gano tun kafin ragon gida ya hau waya.